Daga kilo 118 zuwa 61: lissafin ramar da ta ƙi tsayawa

12 ga Janairu 2025

Likitar abinci ce ta ce in dinga ajiye lissafi, sai na ga gara in yi shi a fili ko wata 'yar uwa za ta amfana, don a Zongonmu nan Kumasi irin wannan aikin ba a maganarsa sai a ɓoye. An mini tiyatar rage tumbi a Accra watan Oktoban da ya wuce. Ranar da na hau gadon kilo 118 gare ni, tsawona mita 1.63, BMI ɗina, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo, ya haura 44, ga suga ga hawan jini ga gwiwa da ta hana ni sujada sai dai a kan kujera. Abin da suke yi shi ne su yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin su fitar da shi gaba ɗaya, su bar siriri dogo, kuma a wannan ɓangaren da ake fitarwa ne jiki yake yin yawancin girelin, sinadarin da ke sa mutum jin yunwa. Shi ya sa sai in wuni a shago ban tuna da abinci ba sai yarinyata ta ce Mma baki ci komai ba fa.

Sikeli yau 92. Kowa a gida murna yake, ni kuma akwai abin da ke min yawo a rai. Kafin aikin likita ya ce yawancin masu irin wannan tiyatar suna zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu a cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato ni in tsaya wajen 83 zuwa 88 ke nan. To ga shi wata uku kacal na kusa isa wurin, kuma abin ba alamar zai rage gudu. Sannan duk abin da ya ɗan yi tauri in na ci sai ya tsaya min a ƙirji ya dawo. Na kira asibitin a waya sun ce in ƙara tauna, in rage sauri. Toh.

Ga sanyi. Hunturun bana safa biyu nake sawa da daddare, ni da nake kwana da fanka a kaina.

9 ga Fabrairu

86. Abin farin ciki tukuna: an tsayar min da maganin suga, na hawan jini an rage rabi. Kuma ranar Juma'a na kai goshina ƙasa a sallar asuba, na daɗe a sujadar ina kuka, wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai gane ba.

Gashi kuma yana zuba, mai kitso sai da ta ɗaga matajin ta nuna min ta ce Hajiya lafiya kuwa? Wannan an riga an gaya min, yakan fara daga wata na uku zuwa na shida kuma yana dawowa, amma in furotin da sinadarin ƙarfe sun yi ƙasa sai ya ja lokaci. Furotin ɗin ne matsalar. Ana so in samu giram 60 zuwa 80 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, kofin madara wajen 8, kifi giram ɗari ya ba ka wajen 20. Na zauna da biro na haɗa abin da na ci jiya wanda ya zauna a cikina bai dawo ba, ko 25 bai kai ba. Abin da ke wucewa lafiya lau koko ne, shi kuma koko gero ne da suga, ba zai gina maka tsoka ba. Ƙosai mai ya yi yawa, rabi na ci na kwana ina ƙwannafi. Wake da shinkafa kam ban ma gwada ba, ƙamshinsa nake ji in na wuce Alabar da safe in haƙura.

Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar piya wata uku zuwa huɗu, kurɓi kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci sai an ba da tazarar minti talatin. In ka lissafa sai ka ga wunin gaba ɗaya ko dai kana ci ko kana sha ko kana jiran minti talatin ya cika.

5 ga Maris

Azumi ya kama, ni ban ɗauka ba. Likita ya ce kar in kuskura bana, don wanda bai iya shan kofi ɗaya a tashi guda ba yadda zai yi ya rama ruwan wuni tsakanin magariba da sahur. Maigida ya tambayi malaminmu, ya ce ai ayar a fili take a Baƙara, mara lafiya ya sha ya rama a wasu kwanaki, ya ce in daina sa damuwa. Na ji, amma wallahi in ladan ya kira magariba kowa ya kewaye tabarma ni ina gefe da ledar ruwana sai in ji wani iri.

Sikeli 80. Na riga na wuce inda aka ce zan tsaya. Aman ya ƙaru, yanzu har wani yawu mai kumfa yake taruwa min kafin ya zo, ko dafaffen ƙwai bai zama.

2 ga Afrilu

Kayan sallar da tela ya auna ni farkon azumi sai da aka sake cin bakinsa ana gobe sallah. 75.

Mun je gaishe da uwar maigida a Aboabo, na durƙusa na ce Mma barka da sallah, ta ɗago ta dube ni ta daɗe ba ta amsa ba, sai ta kama wuyan hannuna ta zagaye shi da yatsu biyu, ta juya wajen ɗanta ta ce Alhaji me kake yi wa yarinyar nan? A gaban mutane fa. Shi bawan Allah da ya sayar da fili aka biya kuɗin aikin. Ban ga laifinta ba, a wurinmu mace ta yi jiki shi ne shaidar ana kula da ita, in ta rame to ko ciwo ko baƙin ciki ko talauci, ba na huɗu. Kafin yamma labari ya dawo min kala uku, wai sammu ne, wai aure zai ƙara shi ya sa, wai kuma ciwon nan da ba a son faɗin sunansa. Lokacin da nake 118 ina hawa matakala ina haki, suga yana cin idona, ba wadda ta taɓa jan hannuna gefe ta ce lafiya. Wannan abin yana min ciwo har yanzu.

Sai kuma masu kawo magani. Wata ƙawata, don Allah ta yi, ta kawo min kwalbar sirof ɗin ƙiba da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a leda ta ce sati biyu zan ciko. Na ɗauki hotonsu na tura wa likitar abinci. Sirof ɗin siforoheftadin ne a ciki, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki yana sa barci kuma yana iya taɓa hanta. Ƙwayar kuma dezametason ce, wannan ita ce mai haɗarin gaske, ƙibar da take sawa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, tana tayar da suga da hawan jini, tana cin ƙashi, tana iya kawo gyambon ciki, ga ni da ɗinki tun daga saman tumbi har ƙasa. Kuma ni ba buɗe ciki nake nema ba, hanya ce babu, in ka ƙara min yunwa ƙarin amai kawai ka yi min. 'Yan uwa mata don Allah ku bar ƙwayar nan ko ba a muku tiyata ba. Haka malt da madarar gwangwani da kowa ke cewa yana ƙara jini, gas ne da suga, an hana ni.

16 ga Afrilu

Daga gadon asibiti nake rubutawa. Kwanakin baya tafin ƙafata ya fara min zafi zafi, wani lokaci ya mutu ban jinsa. Ranar Litinin ina saukowa daga bene a kasuwar Kejetia na ga matakalar ta zama biyu, ƙafa ta ƙi ɗaukata, wasu kayayo, masu dakon kaya, ne suka riƙe ni aka sa ni a pragya, keken haya mai ƙafa uku. Allah ya haɗa ni da wata matashiyar likita, da ta ji an mini tiyatar tumbi kuma na daɗe ina amai sai ta ce a fara min allurar bitamin B1 kafin a ɗaura ruwa mai suga. Daga baya ta zauna ta min bayani, ta ce B1 ɗin da jiki ke ajiyewa sati biyu zuwa uku kawai yake kaiwa, mai yawan amai yana ƙarar da shi, in ya ƙare yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ido ya dinga gani biyu, tafiya ta rikice, mutum ya fara ruɗewa, kuma in aka ba shi ruwan suga kafin B1 abin yana iya ƙara muni har ya bar tabon da bai warkewa. Duk wanda aka yi wa aikin nan ya riƙe wannan, kuma ya sanar da na kusa da shi, don ranar da abin zai faru ba lallai kana iya magana ba.

72. Ta ce amai na wata da watanni bayan wannan tiyatar ba saurin ci ba ne, in koma Accra a leƙa ciki.

6 ga Mayu

Mun hau mota a Asafo da asuba, tafiyar da ba ta wuce kilomita 250 ba amma ta cinye rabin wuni. An ba ni wani farin ruwa na sha ana ɗaukar hoto, sannan washegari aka zura bututun kyamara ta baki. An gano abin. Tumbin ya matse a tsakiya daidai inda yake lanƙwasa, likita ya ce in ɗauka tiyon ruwa ne ya naɗe, ruwa na ɗiga amma ba ya gudu. Ya ce yana faruwa ga kaɗan daga cikin masu aikin, tabon ɗinki ne ke janyewa ko kuma tumbin ya murɗe. A nan take suka zura balan balan ta cikin bututun suka hura shi a wurin don ya buɗe, kuma ya ce wataƙila sai an maimaita, in duk bai yi ba sai a juya aikin ya koma baifas, inda ake haɗa ɗan ƙaramin tumbi kai tsaye da hanji.

Da na farfaɗo abin da na fara ji sauƙi ne a raina, don watanni ina jin kamar ni ce ban iya ci ba. Amma akwai ɓacin rai kuma, tun Janairu nake faɗa ana ce min in tauna. Wannan ba abin da za a warware ta waya ba ne.

Gwajin jini: albumin, wani furotin da ke cikin jini, 29, alhali daidai shi ne 35 zuwa 50. Haemoglobin 9.8, mace in ta gaza 12 jininta ya yi ƙasa. Sinadarin ƙarfe da bitamin D duk a ƙasa. Nauyi 69.

9 ga Yuni

An sake hura balan balan ƙarshen Mayu. Bambancin a bayyane yake, tun daga nan sau ɗaya na yi amai shi ma don na sha ruwa a kan abinci ne.

Babbar sallah an yanka rago, soyayyen nama ba nawa ba ne tukuna. Ƙanwata ta ɗebi tsoka ta dafa shi a tukunya daban har ya fara rabewa da kansa, ta daka shi a turmi ta zuba romo da ɗan daddawa, ta sa min a kofin shayi da ƙaramin cokali. Cokali shida na ci a cikin minti ashirin, ina ajiye cokalin tsakanin kowace loma, yara sun zagaye ni suna ƙirgawa. Ya zauna. Maigida ya tashi ya shiga ɗaki bai ce komai ba.

Tsarin yanzu sau shida a rana, furotin ne farko kafin komai. Safe ƙwai da madara, hantsi tubani ko alala, azahar kifi a miyar ayoyo da loma biyu na tuwon zafi in wuri ya rage, la'asar wagashi, wato cukun madarar shanu, dafaffe ba soyayye ba, dare awara ko kaza, kafin barci nono mara suga. Magunguna kuma su ma aiki ne: ƙwayar bitamin kullum, B1, allurar B12 duk wata uku don tumbin da aka rage ba ya iya jan B12 daga abinci yadda ya kamata, sai kalsiyam da ƙarfe waɗanda ba a haɗa su sai da tazarar awa biyu don ɗaya na hana ɗaya shiga jiki. Shayi ma yana hana ƙarfe shiga, don haka na mai da shi da lemon zaƙi. Kuma ba ibuprofen ba diclofenac, ko ciwon kai ne sai farasitamol.

66. Har yanzu ƙasa yake yi amma a hankali.

20 ga Yuli

63. Gaskiya satin nan gwiwata ta yi sanyi, ina ci, ba na amai, furotin ya kai 65 yawancin kwanaki, amma sikeli bai daina sauka ba. Likitar abinci ta ce tumbin ba zai ɗauki ƙari ba, don haka sai dai a ƙara wa lomar nauyi. Cokalin man gyaɗa irin na miya yana da kalori kusan 95, cokalin mai 120, sai paya, wato abokado, sai garin madara mai kitse a zuba a cikin koko da nono da duk abin da zai karɓa, sai ƙuli ƙuli a daka a barbaɗa. Abin da ta hana shi ne in bi ta hanyar biskit da minerals da alawa, ta ce su suna wucewa ba wahala, sikeli zai hau, amma sugan da na rabu da shi ne zai dawo, tsoka kuma ba za ta dawo ba.

Tsokar ita ce abin da ban san na rasa ba sai da na kasa ɗaga bandir ɗin atamfa daga kanta. Jiki in bai samu furotin ba naman kansa yake ci. Yanzu kullum bayan asuba ina tashi zaune daga kujera ba tare da na dafa ba, ina ɗaga robar ruwa cike a kowane hannu, da yamma in ɗan taka zuwa Asawase in dawo.

An yi sikanin saboda wani ciwo da nake ji a dama ƙarƙashin haƙarƙari, an ga duwatsu ƙanana a maɗaciya. Saurin rama ne ke kawo su. An ce a sa ido tukuna.

7 ga Satumba

61, sati uku ke nan a jere bai motsa ba. Alhamdulillah.

Akwai abin da nake ta juyawa a raina. A 61 BMI ɗina 23 ne, daidai shi ne 18.5 zuwa 24.9, sai na sauka ƙasa da kilo 49 kafin takarda ta ce na rame fiye da kima. Wato a watan Mayu da nake 69, ƙafa tana mutuwa, albumin 29, in BMI kaɗai za a duba har ƙiba ce ta ɗan rage min. Yau kuma na fi wancan lokacin rama da kilo 8 amma albumin 37, haemoglobin 11.6, ina hawa benen Kejetia ba tsayawa. Su kuma 'yan unguwa a wurinsu yau na fi Mayu lalacewa tunda ƙashin wuyana ya fi fitowa. To ni dai na daina tambayar sikeli ko idon mutane ko ina lafiya. Abin da nake dubawa shi ne abinci yana zama, ruwa yana shiga, jini me ya ce, ƙarfi yana dawowa ko yana tafiya. Ramar da ke zuwa da amai da jiri da kumburin ƙafa da mutuwar yatsu ita ce abin tsoro ko da mutum yana kilo 90.

Fata ta saki a dantse da ciki, wannan ba motsa jikin da zai mai da ita, ina sa hoda a ƙarƙashin inda ta naɗe saboda zafin Kumasi. Gashi ya fara tsirowa a gaban goshi gajeru gajeru. Mma ta Aboabo ta aiko min da busasshen kifi cike da kwando da saƙon wai in daka in dinga sawa a miya, ashe ɗanta ya zauna ya mata bayanin furotin.

2 ga Nuwamba

Shekara ta zagayo. 62. Likita ya ce nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 18, daga nan yawanci a ɗan ƙaru, don haka kar in matsa wa kaina, shi zai so ganina tsakanin 65 da 68 amma da tsoka. An leƙa da kyamara wurin bai sake matsewa ba, maganar baifas an ajiye ta. Ƙwannafi ne bai bar ni ba, ina kan maganinsa, kuma ba na kwanciya sai abinci ya yi awa uku.

Wata baiwar Allah ta biyo ni shago shekaranjiya kamar atamfa za ta saya, sai da masu ciniki suka watse ta rage murya ta ce Hajiya ni ma ina tunanin aikin nan amma yadda na ga kin koma ya ba ni tsoro. Na ce mata ni da za a mai da ni baya zan sake yi, don suga ya tafi ina sallah a ƙasa. Amma ta tambayi likitan tun kafin ta biya, in amai ya ƙi tsayawa wa zai gan ta ido da ido kuma a cikin kwana nawa, akwai mai duba ta a nan Kumasi ko sai ta hau motar Accra, sannan ta ware kuɗin bitamin da gwajin jini don su har ƙarshen rayuwa ne, kuma in tana son haihuwa sai ta jira wata 12 zuwa 18. Ta ce mijinta bai sani ba tukuna. Na ce ta fara da nan.

Abin da ya rage yanzu maɗaciyar ce, ciwon ya tashi sau da dama watan jiya musamman in na ci man gyaɗa da yawa, ga shi kuma man gyaɗan ne ke riƙe min nauyi, an ba ni ranar ganin likitan fiɗa a Disamba a yanke shawarar cirewa ko bari. Gwajin jini na gaba Janairu. Azumi kuma zai kama a Fabrairu, na tambaya ko zan iya ɗauka, ya ce sai ya ga sakamakon Janairu, in haemoglobin ya haura 12 kuma nauyi bai sauka ba za mu zauna mu tsara yadda zan raba ruwa da furotin tsakanin buɗa baki da sahur, mu fara da gwajin Litinin da Alhamis.